Tsidau Daban, Ƙarangiya Daban

Tambaya: Malam, tsidau da ƙarangiya abu ɗaya ne? A unguwarmu duk ƙayar da mutum ya taka a fili ƙarangiya ake ce mata.

Amsa: Ba abu ɗaya ba ne, kuma wannan sakacin na yaran birni yana damuna ƙwarai, domin da haka sunayen tsirrai suke ɓacewa daga bakin mutane. Ƙarangiya ciyawa ce dangin gero, tana miƙewa sama, 'ya'yanta kuma a tufa suke maƙalewa. Tsidau kuwa ba ya tashi tsaye. Rassansa suna fitowa daga saiwa guda su shimfiɗu a kan rairayi kamar tabarma, ganyensa ƙanana ne masu gashi-gashi da suka jeru bibbiyu, furensa kuma ruwan ɗorawa ne mai ganye biyar, yana fitowa ɗaya-ɗaya da damina. Idan ɗan ya nuna ya bushe, sai ya tsage gida biyar, kowane ɓari ɗauke da ƙayoyi biyu masu ƙarfi, sau da yawa har da wasu ƙanana biyu, shi ya sa yake huda tafin ƙafa, ya fasa tayar keke, ya shiga kofaton tumaki su kai irin wani wuri.

Wasu suna cewa tsaidau, kuma a ganina wannan lafazin ne ya fi nuna asalin kalmar, wato tsaida, domin duk saurin da mai tafiya ba takalmi yake yi, da zarar ya taka shi dole ya tsaya ya cire. Masana tsirrai suna kiransa Tribulus terrestris, sunan da Linnaeus ya ba shi a 1753, kuma a yau suna sanya shi cikin dangi ɗaya da aduwa, duk da cewa ita itaciya ce shi kuma yana rarrafe.

Tambaya: To, ina kashin yawo?

Amsa: Shi ma daban ne. Yana tsayuwa a kan karansa, asalinsa kuma daga yankunan zafi na nahiyar Amurka ya zo mana.

Tambaya: Akwai kuma wani tsiro daban da ake kira nonon kurciya, me ya sa ake ce masa haka?

Amsa: Ki karya reshensa, za ki ga farin ruwan da yake tsattsafowa.