Gubar da ke kwanciya a kitse da ciwon suga: amsoshin Likita

Tambaya: Likita, ni manomin auduga ne a yankin Gidar, a arewacin Kamaru. Na fi shekara ashirin ina feshi da hannuna. Bara aka ce ina da ciwon suga, alhali ba ni da ƙiba, kuma babu mai shi a gidanmu. Maganin feshi ne ya ja mini?

Amsa: Sannu Malam, Allah ya ba da lafiya. Tambayarka tana da tushe. Akwai wasu sinadarai da ba sa ruɓewa da wuri, ko a ƙasa ko a jikin mutum. Daga cikinsu akwai tsofaffin magungunan ƙwari irin su DDT da lindane da endosulfan, akwai PCB, wani sinadari mai kama da mai da aka riƙa zubawa a tsofaffin tiransifoma, akwai kuma dioxin da ke fita a hayaƙin bola. Ba sa narkewa a ruwa, a mai suke narkewa, shi ya sa fitsari ba ya saurin fitar da su, sai su samu kitsen jiki su kwanta. Dioxin kan yi shekara 7 zuwa 11 kafin rabinsa ya bar jiki. Saboda haka ne ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Stockholm a 2001 don hana ko taƙaita irin waɗannan sinadarai, ta fara aiki a 2004 da sinadarai 12. An ƙara lindane a 2009, sai endosulfan a 2011, bayan an daɗe ana fesa shi a gonakin auduga na Afirka.

Alaƙarsu da suga kuwa, an gan ta. A 2006 mujallar Diabetes Care ta buga binciken da aka yi a kan Amurkawa sama da 2,000, inda aka tarar masu yawan waɗannan sinadarai a jini sun fi sauran yawan ciwon suga nesa ba kusa ba. A Taiwan ma, a 1979 mutane sun ci man girki da PCB ya gurɓata, bayan shekara 24 aka ga ciwon suga ya ninka a tsakanin matan da suka ci. Gwajin da aka yi a kan dabbobi ya nuna gubar tana sa hanta da tsoka su daina jin insulin, wato sinadarin da ke rage suga a jini, yadda ya kamata, tana kuma gajiyar da ƙwayoyin da ke samar da shi.

Sai dai wannan lissafin jama'a ne. Babu awon da zai nuna cewa naka ciwon daga feshi ya zo, kuma a asibitocinmu muna ganin siraran mutane masu suga da ba su taɓa riƙe injin feshi ba. Ko mene ne sanadin, maganin ɗaya ne, kada ka bar shan ƙwayarka. Abin da ya fi damuna a ƙauyuka shi ne jarkar magani da ake ɗaurayewa a zuba ruwan sha ko nono ko man gyaɗa. Ɗauraya ba ta fitar da abin da roba ta riga ta sha. A huda jarkar don kada wani ya ɗauka. Ka kuma guji maganin da ake sayarwa a kwalba babu takarda, domin nan ne tsofaffin da aka haramta suke ɓuya.

Tambaya: Ina Kuseri, kullum miyarmu da banda. An ce ana yayyafa wa busasshen kifi magani don kada tsutsa ta ci. Mu daina ci ne?

Amsa: A'a Hajiya, kada ki hana yara kifi. Maganar dai ba ƙarya ba ce: wasu 'yan kasuwa kan sa maganin ƙwari a buhun banda, a da ma har Gamalin, wanda lindane ne, ake zubawa a ruwa don kifi ya taso. Fiye da kashi 90 cikin 100 na dioxin da ke shiga jikin mutane ta abinci yake shiga, musamman nama mai kitse da madara da kifi, domin gubar tana hawa daga ciyawa da laka zuwa dabba, daga dabba zuwa gare mu. Ki sansana kafin ki saya. Kifin da ke warin magani ko kananzir, ki bar shi ko da araha. Ki jiƙa banda a ruwan zafi ki zubar da ruwan; wannan yana rage abin da ke bayan fata, amma ba ya taɓa wanda ya shiga mai. Idan da hali, ki riƙa sauyawa da ɗanyen kifin kogin Logon, da ƙananan kifi, domin manya masu cin 'yan'uwansu su suka fi tara guba.

Tunda muna maganar kasuwa, bari in ƙara da ganda da kai da ƙafa da ake babbakewa da tsohuwar taya. Wannan baƙin hayaƙin yana barin guba a fata, kankarewa ba ta isa. Ki tambayi mahaucinki da me ya babbake. In ya ce itace, hancinki zai gaya miki gaskiyarsa.

Tambaya: Ina shayarwa, na ji an ce gubar tana bi ta nono. Daga Marwa.

Amsa: Tana bi, 'yar'uwa, tunda nono yana da mai. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna, ta ce amfanin nono ya rinjayi wannan haɗarin. Ki ba jaririnki nono zalla wata 6, ki ci gaba har shekara 2.

Tambaya: Likita, a Njamena ana tallar maganin wankin jini, wai yana fitar da duk gubar jiki yana hana suga. In saya wa mahaifiyata? Tana da ƙiba da hawan jini.

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Yawancin irin waɗannan magunguna zawo ko fitsari suke sawa, gubar kuma tana kitse, ba ta hanji. Wasunsu ma ƙoda suke lalatawa, mai hawan jini kuwa ƙodarta ba ta son wasa. Da kuɗin ka kai Mama a auna sugan jininta da safe kafin ta karya. In ya kai giram 1.26 a lita, aka maimaita wata rana ya sake kaiwa, ciwon suga ne. Ƙiba da rashin motsa jiki da gado da shayi mai tarin suga su ne manyan sanadai har yanzu, gubar muhalli ƙari ce a kansu. Ta rage nauyi a hankali, da tafiyar ƙafa da rage tuwo da lemon kwalba.

Akwai kuma abin da za ku gyara a tsakar gida yau: hura gawayi da leda, da ƙona shara a bayan katanga kusa da inda kaji ke kiwo. Toka da hayaƙin suna sauka a ƙasa, kaji su tsattsaga, gubar ta koma cikin gwaiduwar ƙwai. A hura wuta da kara ko tsinke, a kuma nisanta kaji da awaki daga wurin da ake ƙona bola.