Filin Tambaya da Amsa: Wasan FTL caca ne, ko ni ne ban iya ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wani abokina ne ya zuga ni na saka wasan FTL: Faster Than Light a kwamfutata, kuma tun da na fara ban taɓa cin sa ba. Yau wuta ta cinye min jirgi, gobe mai ya ƙare. Ranar da na lallaɓa na kai ƙarshe kuwa, babban jirgin 'yan tawaye ya ragargaza ni kafin in gane abin da ake ciki. Ga shi in an kashe ka sai ka koma farko. Wasan nan caca ce, ko ni ne ban iya ba? Daga wani ɗalibi mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Duka biyun akwai, amma kada ka ji haushi in na ce kasonka ya fi na sa'a yawa.

Ga waɗanda ba su san wasan ba: mutum biyu ne suka ƙirƙire shi, Justin Ma da Matthew Davis, da sunan kamfanin Subset Games, ya fito a 2012. Dala 10,000 suka nema a Kickstarter, shafin intanet na tara gudummawar jama'a, jama'a suka tara masu sama da 200,000. Kumbo guda ake ba ka da ma'aikata kaɗan, ka ratsa shiyyoyi takwas na sararin samaniya, rundunar 'yan tawaye na biye da kai.

Abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne bai mai da kai matuƙi mai saurin yatsa ba, kyaftin ya mai da kai. Wutar lantarkin jirgin ba ta isar komai a lokaci guda, don haka kullum sai ka rage wa wani ka ƙara wa wani: garkuwa, injin, makamai, ɗakin magani, har na'urar iskar shaƙa. Kana iya tsayar da wasan cak a tsakiyar faɗa ka yi tunani iya son ranka. Gobara ta tashi a ɗaki? Fitar da mutanenka, buɗe ƙofofin waje, iska ta fice, wutar ta mutu da kanta. Haka za ka yi wa maharan da suka diro maka cikin jirgi. Ranar da mutum ya fara kashe na'urar iskarsa da gangan na 'yan daƙiƙu don ya ba injin wuta ya kauce wa makami, ranar ya fara fahimtar wasan.

To ina matsalarka? Ban ga wasanka ba, amma yawancin wanda ya mutu a shiyya ta biyar, tun a ta biyu ya haƙa raminsa. Kuɗin wasan tarkacen ƙarfe ne da kake tarawa bayan faɗa, kuma yadda ka kashe su shi ne komai. Sabon shiga yana ganin ƙofar fita daga shiyya sai ya nufe ta a guje don tsoron 'yan tawaye. Kuskure ne babba. Rundunar tasu a hankali take matsowa, kana ganin iyakarta a taswira. Ka zaga duk zangon da za ka iya, wato wuraren tsayawa da ke taswirar, kafin ta cim maka, domin kowane zango da ka tsallake kuɗi ne ka bari a hanya.

Tarkace 50 na farko da ka samu, zuba su a garkuwa ka sami layi na biyu. Da shi kaɗai jirage da yawa na farkon wasan ba sa iya taɓa ka, kuɗin gyaran jiki kuma ya zauna a aljihunka. Sannan ka lura da lissafin makamai. Kowane harsashin leza layi ɗaya na garkuwa yake fasawa, garkuwar kuma tana farfaɗowa cikin ɗan lokaci. Jirgin Kestrel da aka fara ba ka yana da Burst Laser II mai harbi uku a jere, wanda yake cikin mafi kyawun makaman wasan. Amma in ka je shiyya ta shida da shi kaɗai, ka haɗu da mai garkuwa layi uku, harbin iska kake yi. Kashe tsarin da ke sa makamai su riƙa harbi da kansu, ka jira duk makamanka su cika ka sake su tare, ka kuma fara da ɗakin makaman abokin gaba. Makami mai linzami yana ratsa garkuwa, gaskiya ne, sai dai ƙidayayye ne, yana ƙarewa. Faɗan da ya fi ƙarfinka kuwa, gudu ba abin kunya ba ne: injin tsallen da ke kai ka zango na gaba na cika, ka yi gaba.

Yanzu in ba ka gaskiyarka. Akwai wuraren da wasan yake cuta, kuma masu kare shi ba sa son faɗa. Kana iya shiga kasuwa uku a jere ba makami ko ɗaya mai amfani. Makamin linzamin abokin gaba na iya sauka a ɗakin garkuwarka, na biyu a ɗakin matuƙi, gobara ta biyo baya, alhali ba inda ka yi kuskure. Ga shahararren zangon nan na ƙattin gizo-gizo, inda ake roƙonka ka tura mutanenka su taimaka, sai kawai a rubuta maka cewa ɗaya ya mutu, ba faɗa ba komai. Ni in ba ni da kayan aiki ko ma'aikacin da ke buɗe zaɓi na musamman mai launin shuɗi, wanda shi ne mai aminci, wucewa nake yi ko waiwaye ba na yi.

Babbar cutar ita ce wadda ta same ka. Jirgin ƙarshe sau uku ake yaƙarsa, kuma babu abin da ke shirya ka a shiyyoyi bakwai na baya. A zagayen farko yana ɓacewa, yana kuma cillo makamai masu linzami uku-uku. A na biyu ya sako maka tarin jirage marasa matuƙi. A na uku ya ƙara wata garkuwa ta musamman, ya turo mahara cikin jirginka. Wanda bai taɓa ganinsa ba kusan dole ya mutu a karon farko, abin da ba na kira koyarwa mai kyau. Maganinsa tun daga nesa ake tanada. Na'urar layar zana tana da tsada, tarkace 150, amma in ka kunna ta daidai lokacin da makaman suka taso, yawanci sai su wuce ka. Na'urar kutse ko ta cilla mayaƙa cikin jirgin abokin gaba, ko guda ka samu ta sauya faɗan. In ba a matakin wahala na wasan ba, ɗakin makamin linzaminsa a ware yake, mayaƙa biyu sun isa su gama da mai harbin su lalata shi. Sai dai kada ka kashe ma'aikatansa kaf, domin kwamfutar jirgin za ta karɓi ragama ta riƙa gyara shi da kanta.

Ka ci gaba, amma koma matakin sauƙi. Sunan ne kawai sauƙi. Tarkace ya fi yawa a can, za ka sami sararin koyon abin da zai yi maka amfani a sama.

TAMBAYA: Malam, akwai shi a wayar Android? Daga wata mai karatu.

AMSA: Babu, 'yar'uwa. Yana kan Windows da Mac da Linux, sai iPad da aka ƙara a 2014, shekarar da aka fitar da Advanced Edition, wato faɗaɗɗen samfurin wasan, kyauta ga duk wanda ya riga ya sayi wasan. Ki yi hattara da masu saka manhaja da sunansa a shafukan da ba a sani ba.