Tambaya da Amsa: Jami'ar da ta fi kowa cin kofin besbol a Amurka

Tambaya: Malam, ƙanena da ke karatu a Amurka ya aiko mini da hula mai tambarin USC, ya ce ta ƙungiyar ƙwallon besbol ce ta jami'arsu, kuma wai kocinsu ya shekara arba'in yana karɓar dala ɗaya a matsayin albashi. Shin gaskiya ne, ko zuzuta makarantarsa kawai yake yi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ƙanenka bai yi ƙarin gishiri ba. Ƙungiyar Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wato USC, da ke birnin Los Anjeles, wadda ake yi wa laƙabi da Trojans, ta ci kofin besbol (wasan da wani ke jefa ƙwallo, abokin hamayya ya buge ta da sanda) na jami'o'in Amurka sau 12, kuma har yau babu wata jami'a da ta kai goma. An fara wannan gasa a 1947, kuma tun 1950 a birnin Omaha na jihar Nebraska ake buga wasanninta na ƙarshe.

Kofinsu na farko ya zo a 1948, lokacin da suka doke Jami'ar Yale, wadda kyaftin ɗinta a wancan lokaci shi ne George H. W. Bush, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka.

Kocin da ake magana a kansa shi ne Rod Dedeaux, wanda ya riƙe ƙungiyar daga 1942 zuwa 1986, kuma yana da hannu a kofuna 11 daga cikin 12 ɗin nan. Abin da ya sa dala ɗaya ta ishe shi a shekara shi ne yana da kamfaninsa na manyan motocin dakon kaya, wanda daga gare shi yake samun abin masarufi, saboda haka horar da ɗalibai sha'awa ce a wurinsa. A ƙarƙashinsa suka ci kofin sau biyar a jere, daga 1970 zuwa 1974. A ganina wasan da ya fi nuna halin ƙungiyar shi ne na 1973 da Jami'ar Minnesota, inda Dave Winfield, mai jefa ƙwallo na Minnesota, ya yi ta jifa ya hana 'yan USC sakat, har aka shiga zagaye na tara, wanda shi ne na ƙarshe, ana cin su 7 da nema, amma suka farfaɗo suka tashi 8 da 7. Daga hannunsa kuma fitattun 'yan wasa irin su Tom Seaver da Mark McGwire da Randy Johnson suka fito.

Sai dai akwai abin da ƙanen naka bai faɗa maka ba. Bayan kofin 1978 sai da suka jira shekara 20 kafin su sake ɗaga wani, a 1998, ƙarƙashin koci Mike Gillespie, inda suka doke Jami'ar Jihar Arizona da ci 21 da 14, kuma shi ne na ƙarshe da suka ci.