Inji ya datse maka yatsu a wurin aiki, me ya rage?

Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce mai kamfani ya miƙa maka ɗan kuɗi, wai a bar maganar. Kada ka sa hannu a kowace takarda tukuna, nan ne mutane da yawa ke yin asara.

Sanar da hatsarin a rubuce, da rana da wanda ya gani, domin maganar fatar baki ba ta zama hujja. Adana rahoton likita, rasit ɗin magani, har hoton raunin. Diyya haƙƙinka ce: yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 121 ta 1964 ta tanadi jinya, kuɗin kwanakin rashin aiki da biyan nakasa. Neman diyya yana da wa'adi, garzaya wurin lauyan ƙwadago kafin ya wuce.