Ella Fitzgerald da Billie Holiday sun yi waƙa tare a Newport?

Malam, ka tambaya ko faifan bikin kiɗan jazz na garin Newport mai ɗauke da sunayen mawaƙan nan biyu haɗin gwiwa ne. A'a, ba su haɗa murya ba. An naɗe shi a Amurka cikin Yuli 1957, kamfanin Verve ya fitar da shi a 1958, amma kowacce da darenta. Mal Waldron ne ya kaɗa wa Billie fiyano.

Kada ka sa ran jin muryar ƙuruciyar Billie, domin a lokacin, shekara biyu kafin rasuwarta, muryar ta riga ta dushe, ko da yake a ganina dushewar ce ta ƙara mata armashi. Idan bugun farko na garmaho kake nema, nuna wa masanin tsofaffin faya-fayi kafin ka biya, saboda an sha sake buga shi.