Ciwon ƙashin da ya ƙi jin magani: Amsoshin tambayoyinku

Wata uwa daga Rigasa ta rubuto: "Ɗana mai shekara 14 ya yi wata bakwai da kumburin gwiwa, har ya fashe yana tsiyayar mugunya. An auna aka ce ƙwayar cuta ce mai suna Staph. Sau uku ina sayen magani, ya lafa ya dawo. Yanzu likita na zargin tibi, wato tarin fuka, ya ce a yi hoto, a ɗebi nama daga ciki. Yaron ko tari ba ya yi. In biya, ko in nemi magani mai ƙarfi?"

Sannu da jinya, Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ki biya. Tibi yakan kama ƙashin baya, ƙugu ko gwiwa ba tare da tari ba. Idan ƙurjin ya huda fata, sai ƙwayoyin cuta irin su Staph su samu ƙofar shiga. Audugar da aka goga a bakin ciwon su take kwasowa, tibin na can ƙasa a lafe. Shi ya sa ake son abin da aka ɗebo daga ciki, a sa a na'urar GeneXpert mai gano ƙwayar tibi. In duka biyun ne, kowanne da maganinsa.

Amma don Allah ki fita harkar kemis. Mutum ya tsaya bakin kanta, yaron shago ya ƙirgo masa Cipro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, guda shida a ƙullin leda, wai "na kwana uku". Cipro da danginsa suna ɗan taɓa ƙwayar tibi: ciwon ya yi sanyi, gwaji ya rikice, ƙwayar ta koyi jure magani, ƙashi kuwa na ci gaba da cinyewa. Ban ma zo kan jabu ba, mai lambar NAFDAC ta bogi. Ki haɗa kuɗin zuwa ukun nan ki gani. Ki kai wa likita kwalayen duk abin da yaron ya sha, kada kuma maɗori ya matsa wurin.

Wani daga Kawo yana tambaya ko ya sayi maganin tibi a kasuwa, tunda na gwamnati kyauta ne, "araha ba ta ado".

Haba malam! Kuɗin ne suka yi maka yawa? Ka je Asibitin Barau Dikko ko cibiyar tibi ta Saye a Zariya, su auna nauyinka su ba ka daidai da shi. Maganin tibin ƙashi wata 12 ake sha, ba fashi, ko da ciwon ya daina tun a wata na biyu.