Tambaya da Amsa: Wai rawar Indiya ma tana iya tona asirin azzalumai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Ni ɗaliba ce a Zariya, kwanaki na ci karo da wani bidiyo a YouTube na wata Ba'indiya tana rawa ita kaɗai a dandali, ƙafafunta cike da ƙararrawa, aka rubuta wai rawar tana magana ne a kan zaluncin da ake yi wa mata. To ni dai rawar Indiya da na sani ta fim ce, saurayi da budurwa suna zagaya bishiya, ta yaya kuma rawa za ta yi maganar zalunci alhali ba a buɗe baki ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ai ba ke kaɗai ba, yawancinmu nan ta fim muka san Indiya tun zamanin da 'yan Kwara, wato Labanawa, suke kawo finafinansu silima, shi ya sa da an ce rawar Indiya sai hankali ya tafi can. Amma wadda kika gani daban ce, rawar gargajiya ce da ake shekara da shekaru ana koyo a gaban malami, kuma hukumar Indiya ta kiɗa da wasanni, Sangeet Natak Akademi, iri 8 ta amince da su. Mai ƙararrawar nan wataƙila Bharatanatyam ce ta jihar Tamil Nadu a kudu ko Kathak ta arewa.

Ita wannan rawa labari take bayarwa, yatsu suna da alamomi da suke kira mudra, kowace da abin da take nufi, ido da gira da leɓe kuma su suke ɗauke da fushi ko tsoro ko raini, don haka mace ɗaya za ki ga ta ɗaga haɓa ta watsa harara ta nuna ƙofa da yatsa, uwar miji kenan, sai ta juya kafaɗa kawai ta sunkuyar da kai hannu yana rawa ta koma amarya, kuma duk wanda yake zauren ya gane ba sai an yi masa fassara ba. Asali labaran allolinsu ake bayarwa da ita, daga baya wasu suka ce ai yaren da ya iya labarin alloli zai iya labarin maƙwabta.

Cikin na farko-farko akwai marubuci Rabindranath Tagore, wanda a 1938 ya fitar da wasan rawa mai suna Chandalika, labarin wata yarinya 'yar ajin da ake ƙyamar a taɓa su, wani almajirin Buddha ya zo da ƙishi ya roƙe ta ruwa, ta ce ita ruwan hannunta ba ya shawuwa, ya ce shi mutum ne ita ma mutum ce, ya sha. Kin ga a lokacin ko tsarin mulkin da ya haramta wannan ƙyamar bai zo ba, sai a 1950.

Amma ni wadda ta fi burge ni Mrinalini Sarabhai ce, wadda ta kafa makarantar Darpana a Ahmedabad a 1949. A Indiya iyayen amarya ne suke biyan dangin ango, in kuɗin bai kai yadda suke so ba sai a sa yarinya a gaba da gori da duka, wata ta kashe kanta, wata a watsa mata kananzir a ce wai risho ne ya fashe, (ki ɗauki gorin kayan ɗaki da gara da ake yi wa amare a nan ki ninka shi har ya kai ga rai). An yi dokar hana wannan biya a 1961 amma ba ta hana komai ba. A shekarun 1960 ɗin ne matar nan ta shirya rawa a kan mutuwar irin waɗannan amaren, kuma maimakon waƙa sai ta ɗauki kalmomin nan marasa ma'ana da malami yake furtawa don ƙirga taku ta mai da su tamkar muryar dangin miji suna zazzaga masifa. 'Yarta Mallika ta ɗora daga nan, a 1990 ta yi Sita's Daughters a kan fyaɗe da zubar da cikin 'ya'ya mata, kuma ba a dandali ta tsaya ba, bayan kashe-kashen Gujarat na 2002 da Musulmi suka fi kowa mutuwa, tana cikin waɗanda suka kai ƙarar gwamnatin jihar Kotun Ƙoli. Akwai kuma Chandralekha ta Chennai, a wasanta Sri na 1991 mata ne suke jan ƙafa suna ratsa dandali bayansu a karye, a hankali a hankali har suka miƙe tsaye, kuma ta hana masu rawarta murmushin nan da aka saba liƙa wa fuska.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni malamin makaranta ne daga Maraɗi. Na ji ana cewa masu kuɗi da manyan gida ne suke yin wannan rawa su kuma kalla, to in haka ne ba yaudara ba ce su hau dandali suna kukan talaka?

AMSA: Malam ka taɓo inda yake ciwo, kuma su kansu Indiyawan wannan rigimar suke yi har gobe. Bharatanatyam da can sunanta sadir, kuma matan da ake kira devadasi ne suke yin ta, wato 'yan mata da ake sadaukarwa ga gidan bauta tun suna ƙanana, ba sa aure irin na kowa, su suka riƙe rawar da kiɗan gado bayan gado. Wajen 1892 aka fara gangamin yaƙi da rawarsu, 'yan mishan da 'yan bokon Indiya suka taru a kan cewa karuwanci ne. Kuma fa ba za a ce babu zalunci a tsarin ba, yarinya ba a tambaye ta ba an ba da ita, sannan attajirai su mai da ita abin hutawa. Likita Muthulakshmi Reddy da ta kai ƙudurin hana abin majalisar Madras a 1930, mahaifiyarta ma daga irin wannan gida ta fito, ta san abin da take faɗa. A 1947 dokar ta tabbata.

To amma ga inda gizo yake saƙar, a daidai lokacin da ake korar matan nan daga rawa sai 'ya'yan Brahmin, ajin da ya fi kowane ɗaukaka, suka shigo suka karɓe ta. Rukmini Devi Arundale ta hau dandali a 1935, a 1936 ta kafa makarantar Kalakshetra, aka sake ɗinkin kaya, aka rage waƙoƙin shauƙi aka ce an tsarkake rawa, alhali a hannun gidajen gadon nan aka koye ta. Balasaraswati, wadda 'yar gado ce kuma gwana ta ƙarshen ƙwarewa, har ta rasu a 1984 ba ta yarda cewa rawar kakanninta tana da dauɗar da za a wanke ba. Kathak ma kusan haka, matan tawaif, wato masu waƙa da rawa a gaban manya, na biranen irin su Lucknow da suka raya ta aka ture su gefe aka bar tarihi a hannun maza.

Don haka ni a ganina ba zan ce yaudara ba ce gaba ɗaya, wanda ya je kotu saboda waɗanda aka kashe ba wasa yake ba, amma duk mai rawar da za ta yi kukan 'yar Dalit, wato ajin nan da ake ƙyamar a taɓa su, a dandali sannan a makarantarta babu 'yar Dalit ko ɗaya, to akwai tambayar da ba ta amsa ba. Ga tsada kuma, bikin hawa dandali na farko da suke kira arangetram, da hayar zaure da makaɗa da siliki da kyautar malami, talaka ina zai iya.

TAMBAYA: Malam, yanzu dai an wuce wannan wariyar ko? Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: Ina fa ɗan'uwa. A Maris 2024 wata tsohuwar mai rawa a jihar Kerala ta fito a hira ta ce wani mai rawar Mohiniyattam, rawar gargajiya ta Kerala, launin hankaka gare shi, wai rawar ta masu hasken fata ce. Ba ta kama suna ba amma kowa ya san da RLV Ramakrishnan take, ɗan Dalit ne mai digirin dakta a kan ita wannan rawar. Jama'a suka yi mata caa, ya kai ƙara 'yan sanda suka buɗe mata fayil, makarantar Kerala Kalamandalam ta gayyace shi ya yi rawa a zaurenta, ta kuma sanar cewa daga yanzu za ta ɗauki ɗalibai maza a Mohiniyattam. A farkon 2025 makarantar ta ɗauke shi aikin koyar da Bharatanatyam.